Hoton da Kawu Farce Bai Buɗe Ba

Kawuna bai taɓa buga wasan bidiyo har ƙarshe ba. Amma masu haɗa ƙananan wasanni a unguwarmu, irin mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya da kwamfutocinsu, ba sa kai wasa kasuwar intanet sai ya ga ɗan hoton da zai tsaya a gaba da kalmomin tallan da ke ƙarƙashinsa. Da na dawo daga karatu bayan shekara tara, aikin da na tarar yana yi ke nan, kuma na daɗe ina mamakin yadda mai rubuta allon shago ya zama alƙalin masu kwamfuta.

Shekara talatin ya yi yana rubuta allunan shaguna da bayan manyan motoci. A can ya koyi cewa mai wucewa ba ya karanta allo, kallo ɗaya yake masa. "Mai waya ma mai wucewa ne," in ji shi, "da yatsa kawai yake tafiyar." Saboda haka ba ya yarda ya ga hoto a babba. Sai a rage shi ya koma kamar farcen babban yatsansa, a jingine wayar a taga, ya yi taku biyar, ya waiwaya sau ɗaya, ya kau da kai. Daga nan ya faɗi abin da ya rage a idonsa: wa ke dukan wa, wane launi ya tsaya. In bai ga komai ba, a sake zane. Kalmomin talla kuma dole a karanta su da numfashi ɗaya. Wannan awon da yatsa shi ya ja masa suna Farce.

Ɗakin aikinsa yana hawa na biyu, saman shagon wani mai walda. 'Yar Kawu, wadda kowa ke kira Fensir, ita ce mai zane. Akwai kuma Injiniya, mai haɗa wasan. Ni suka ɗauke ni in riƙa juya tallan zuwa wasu harsuna, Kawu kuma ya laƙaba min Farfesa don tsokana.

Wasansu na kansu na faɗa ne, sunansa Guduma. Zane huɗu Fensir ta kawo, Kawu ya watsar da su. "Wannan faɗa ne ko gaisuwar surukai?" A na biyar ya waiwaya, ya ce, "Wannan ya cije ni." Abin da ya gani: guduma tana sauka a muƙamuƙin wani ƙato, haƙora suna tashi, rabin fuskar ja rabi baƙi. Injiniya ya kawo talla mai kalma ashirin. Kawu ya yi ta yanka har ta koma shida: "Rabin fuskarsa ya ƙone. Ƙarasa sauran."

Ni na ga hoton a babba. Na ji kamar na san mutumin, amma ban daɗe da dawowa ba, duk fuskokin layin sababbi ne a wurina, sai na bar zancen. Fensir kuwa ta saba zana duk wanda ta hango ta taga. Mai Walda shi ta fi gani, mutumin da tukunyar gas ta fashe masa shekarun baya ta cinye masa rabin fuska da kunne ɗaya.

Kwana tara da fitar wasan, da tsakar rana, muka ji ƙarar injin walda ta tsaya. Sai takun ƙafa a kan matakala. Ƙofar ba a kulle take ba, amma da ƙafa Mai Walda ya buɗe ta, har ƙusoshin suka fita daga katako. Yana riƙe da rodi mai tsayin hannu.

Kai tsaye ya sauke rodin a kan babban allon kwamfuta. Gilashi ya watsu har cikin kofin shayina. Injiniya ya tashi zai riƙe shi, ya samu gwiwar hannu a hanci, ya zauna a ƙasa jini na bin rigarsa. Ni na fara cewa, "Malam, mu zauna mu yi magana," ban ƙarasa ba na ji mari, kunnena ya ɗauki ƙara kamar ta tsohon firiji.

Ya jefa waya a kan tebur. Hoton ne, an buɗe shi ya cika fuskar wayar. Ga kunnen da babu, ga tabon da ya ja idonsa ƙasa, har tabarau ɗin walda a goshi, mai shuɗin salatif a gefe ɗaya.

"Wani ya zo karɓar ƙofar da na haɗa masa yana dariya, ya nuna wa matata hoton nan," ya ce. "A gabana! Yana cewa ya fasa min baki sau goma sha biyu jiya a wasan. Hannun da ya zana wannan nake so. Na zo in ƙarasa sauran."

Fensir tana bayan tebur, ta cusa hannunta na dama a ƙarƙashin mayafi. Ya gani. Ya yi taku ɗaya wajenta.

"Ni ne," in ji Kawu.

"Ƙarya kake, Farce. Kai ka rubuta allon shagona. Zakin da ka zana min har yau akuya ake ce masa. Ba ka iya fuska ba."

"Ban iya ba. Amma ba abin da ke fita ɗakin nan sai na ce ya fita. Ita zane biyar ta kawo, ni na zaɓi wannan. Maganar da ke ƙasa kuwa tawa ce, ba mai hannu a ciki."

"Ka gan ni a ciki ka ce ya fita?"

"Ban gan ka ba. Ban buɗe shi ba."

"Shekara goma kana wuce ni kana gaishe ni!"

"Ban buɗe ba, maƙwabci. Laifin ke nan, kuma nawa ne." Kawu ya shiga tsakaninsa da 'yarsa, ya shimfiɗa hannunsa na dama a kan tebur. "Ga wanda ya auna."

"Baba, don Allah!" in ji Fensir.

"Yi shiru, ke."

Na zaci maganar za ta sanyaya shi. Rodin ya sauka. Ƙarar ba ta da yawa, kamar an taka busasshen kara. Kawu ya durƙusa, bai yi ihu ba, bakinsa kawai a buɗe. Babban yatsan ya juya ta inda yatsa ba ya juyawa. Mai Walda ya ɗaga rodin karo na biyu, ya dubi Fensir, ya dubi hannun, sai ya yar da ƙarfen ya sauka ƙasa.

Kafin mu kai Kawu asibiti sai da ya sa Injiniya, da tsumma a hanci, ya cire hoton daga kasuwa. Na ce a kai ƙara. Ya ce, "Farfesa, in alƙali ya ce a buɗe hoton, me za ka ce masa?"

Ƙashi uku suka karye. Yatsan ya warke a sandare. Hannun Fensir lafiya ƙalau, amma wata biyu ba ta ja layi ɗaya ba. Takan zauna da alƙalamin zane, ta juya wa taga baya. Kawu bai lallashe ta ba. Kullum da safe sai ya jingine waya a taga ya ce, "Ina jira. Ban ba da yatsana don ki zauna ba."

Ranar da ta kawo sabon zane, ƙaton ya sa abin rufe fuska na ƙarfe. Kawu ya yi taku biyar, ya waiwaya. "Bai kai wancan ba," ya ce. Sannan ya ƙara abin da ban taɓa ji daga bakinsa ba: "Buɗe min shi." Ya daɗe yana dubawa, kusurwa zuwa kusurwa. Ya ɗauki wayar da hannun hagu ya sauka ƙasa. Na bi shi.

Mai Walda ya ɗage tabarau. Ya dubi yatsan kafin ya dubi wayar.

"Akwai wanda ka sani a nan?" in ji Kawu.

Ya juya wayar, ya matso da ita kusa da idonsa mai lafiya. "Babu." Ya sake dubawa. "Amma wa ya haɗa wannan ƙarfen? Ba a walda haka. Duka ɗaya zai rabe."

Ya ɗauki alli ya zana yadda haɗin yake a kan ƙofar shagonsa. Kawu ya ɗaga kai ya kwaɗa kira ta taga. Da aka jima, sai ga Fensir ta leƙo, ta dubi zanen allin, ta jawo takarda.