Kawu Mudi da Gaurakin Galadi

Kawu Mudi ƙanen mahaifiyata Kulsumu ne, kuma shi ne mai hoton nan da ke da ɗan shago a hanyar tashar jirgin ƙasa ta Kaura Namoda. Wata huɗu ke nan da rasuwarsa. Gwangwanin madarar da yake ajiye fim ɗinsa yana ƙarƙashin gadona yanzu.

Da hoton fasfo da na biki yake ci da gidansa. Lokacin da aka ba mu jihar Zamfara a 1996, kowa na neman aiki a Gusau, layin masu fasfo kan kai har bakin titi. Amma hankalinsa ba a nan yake ba. Duk Laraba yakan rufe shago, ya rataya kyamara, ya hau tsohon babur ɗinsa ya nausa. Ya ɗauki duwatsun Zurmi da manyan kukokin hanyar Banga. Ya ɗauki kada tana shan hantsi a bakin gulbi, da burtu, da wata rijiya da ta rufta a Gurbin Ɓore. A nan tasha kuwa akwai taragwan da aka yasar, ciyawa ta tsiro a cikinsu, akuyoyi na kwana a ƙarƙashi. Ya ɗauke su ya fi a ƙirga, wai kowace damina tsatsarsu na sauya launi.

Liman, abokinsa tun suna makarantar allo, shi ke ja mana salla a unguwa, kuma ba ya barin Kawu ya huta. Yakan ce duk garin nan Mudi kaɗai ke ɗaukar hoton wanda ba zai taɓa zuwa karɓa ba. Kawu ya ce ai tarago bai taɓa cewa an baƙanta masa fuska ba.

Abin da ya fi so a duk aikinsa shi ne gaurakin Galadi. A kakar 1994 wani makiyayi ya gaya masa a kasuwar Shinkafi cewa garkensu na sauka a wata fadama bayan garin Galadi. Kwana uku ya yi kwance cikin laka, ya lulluɓa da zana, har tsuntsayen suka saba da shi. Ya cika fim biyu, ya kai Kano da kansa aka wanke, don bai yarda ya ba direba ba. Uku kawai ya sa aka fitar a takarda. Babban ya rataye shi a shago: gauraka biyu sun buɗe fukafukai suna tsalle, tukkun kansu kamar an tsoma a zinariya. Tsofaffi kan tsaya su ce da suna yara haka suke ganinsu a bayan gari, yanzu ko kukansu ba a ji.

Da aka ƙaddamar da Shari'a Kawu na cikin masu murna, har Gusau ya je a kan babur. Bayan nan sai maganar hoton abu mai rai ta yawaita a majalisu. Ba wanda ya zo ya hana shi aiki, ba wanda ya yi masa barazana. Sai dai wasu da suka saba tsayawa kallon gaurakin suka koma wucewa da kai a sunkuye, abin kuma ya tsaya masa a rai. Mutum ne mai tsoron lahira ƙwarai. Ya je ya tambayi Liman. Liman ya ce malamai sun yi saɓani a kan hoton kyamara, fasfo kuwa lalura ne. Wanda aka rataye ne abin dubawa: in yana son fita daga shakka ya sauke shi, ko ya cire masa kai, domin surar da ba ta da kai ta zama kamar itace.

Liman na bango yake nufi. Amma a wurin mai hoto takarda ba ita ce hoton ba. Kawu kullum yana kiran fim uwa, takarda kuwa ɗa.

A lokacin na gama jami'a a Sakkwato, ina zaune gida ina jiran kiran bautar ƙasa. Wata Asabar da hantsi na je gaishe shi, sai ya aike ni cikin gida in karɓo masa allura wurin matarsa, Inna Turai. Ta tambaye ni ko rigarsa ce ta yage, na ce ban sani ba. Da na dawo na tarar ya riga ya sa reza ya yanke kawunan hotunan nan uku. Ya jingina madubi a ƙofa yana haska fim da rana, ya karɓi allurar, ya fara kankare kan kowane tsuntsu ɗaya bayan ɗaya. Wani hoton gauraka ashirin ne a ciki, kowane kai bai kai ƙwayar gero ba. Bai tsallake ko ɗaya ba.

Na so in ce ya dakata a sake tambaya. Na ji tsoron kada in yi katsalandan a abin da ya shafi addini, ni da karatuna na boko ne. Na zauna a benci ina kallo. Har madubin na gyara masa da rana ta juya.

Bayan La'asar Liman ya biyo ta shagon, ya ga guntayen takarda a ƙasa, ya ga allura.

"Mai tsuntsaye, mi kaka yi haka?"

"Abin da kac ce, Malam. Na cire musu kai."

"Na bango nac ce maka. Wa yac ce ka taɓa abin da ke rufe cikin gwangwani?"

"Na bango ɗa ne," in ji Kawu. "In na yanke ɗa na bar uwa, ai gobe ta sake haihuwa."

Liman ya zauna a kusa da ni, ya cire hularsa ya riƙe. Can ya ce in da Mudi ya ƙara masa tambaya ɗaya tak, da ba a kai nan ba. Kawu ya dubi fim ɗin da ke hannunsa ya daɗe, sannan ya tambaya ko ke nan da ya bar su a gwangwani ba laifi. Liman ya ce a fahimtarsa babu. Kawu ya miƙo mini allurar ya ce in mayar wa Turai.

Kawu ya ce zai sake ɗauko hoton gaurakin, wannan karon ya rufe a gwangwani. Da kaka ya koma Galadi, ya tarar an nome fadamar an shuka albasa, injin ban ruwa na ta ƙara. Manoman suka ce shekara uku ke nan ba su ga gauraka ba. Shekarar da ta biyo ya sake komawa, ya bi gulbi ya yi gaba, kwana tara yana kwanciya cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa. Ya dawo da tari, da fim cike da ruwa da sararin sama. Daga nan bai ƙara hawa babur ba. In ya ji dama-dama yakan taka zuwa tasha ya zauna a inuwar tarago, kyamara a cinya. Tarin bai sake shi ba har Allah ya karɓi ransa.

Bayan sadakar arba'in Inna Turai ta ba ni gwangwanin, ta ce ita ba ta iya ganinsa a ɗaki. Na bi fim biyun nan a rana, hoto saba'in da biyu. Guda ɗaya kawai allura ba ta taɓa ba: gauraka ɗaya tilo, ta cusa kanta cikin ciyawa tana kiwo, ba a ganin komai sai jiki da dogayen ƙafafu. Na tuna Kawu ya taɓa nuna mini shi ya ce wannan bai yi ba, tsuntsuwar ta ɓata masa fim.

Na kai shi Gusau aka fitar, na kai wa Liman. Ya riƙe shi nesa da ido, ya matso da shi kusa, ya tambaye ni ko masu wankin ba su da dabarar da za su sa a ga tukkun. Na ce babu. Ya sa hoton cikin aljihun rigarsa, ban kuma ce ya ba ni ba.