Laimar Muhyiddeen

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan Sha'aban, bayan sallar azahar, Allah Ya karɓi ran Muhyiddeen Garba a gidansa da ke Sabon Gari, nan Wudil, bayan gajeriyar jinya. Jama'a sun san shi da shirya fim. Ni kuwa, Juwairiyya, na san shi a matsayin mutumin da ya dube ni bai ga abin tsoro ba.

Ni zabiya ce, da farar fata aka haife ni. Kafin in haɗu da kai, Yaya Muhyiddeen, duk wanda ya kira ni fim na san abin da yake so tun bai buɗe baki ba: aljana ko mayya, a yafa mini farin ƙyalle in ɓullo daga bayan tsamiya, yara su watse da ihu. Har na rantse na daina. Kwatsam sai ga ka a ƙofar jami'armu, wai kana shirya fim na zamanin kwari da baka, labarin ayarin fatake da ya tashi daga Kano ya nufi Borno, kuma ni kake so in zama jagorar ayarin. Na ce, "Yaya, in aljanar ce, ka faɗa mini kawai." Ka yi dariya har da riƙe ciki.

Ashe da gaske kake. A ayarinka Buzu ba mai gadi ba ne, shi ke duban taurari ya faɗi hanya. Bafulatanin da ka ɗauko daga Achika ba don a yi masa dariya ya zo ba, shi ne malamin ayari. Babarbare ya yi Barbarcinsa, ba ka sa wani ya kwaikwaye shi ba.

Ni ce dai na zame maka wahala. Fatata ba ta jure rana, ga shi a bakin kogi ake aikin, ba inuwa ko ta tsinke. Ranar farko wuyana ya saɓule. Bilya, abokinka mai ɗaukar hoto, ya faɗa a gabana, bai ko rage murya ba: "Wa ya taɓa jin zabiya ta ja ayari a zamanin da? A samo wata, mu huta." Wallahi na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai ka ce, "Bilya, kana nufin bana aka fara haihuwar zabiya? Suna nan a wancan zamanin, labarinsu ne ba a bayar ba."

Daga ranar ka juya aikin gaba ɗaya saboda ni. A ɗauka da sassafe, a tashi kafin rana ta take, a dawo bayan la'asar. Ma'aikata suka yi ta gunaguni, ka toshe kunne. Kuma da zarar an tsaya, sai ka buɗe tsohuwar baƙar laimarka mai karyayyen ƙarfe ɗaya, ka tsaya a kaina. Darakta guda, da riƙon laima! Ana tsokanarka, ko a jikinka.

Fitowa ɗaya ta rage, inda zan ƙetarar da ayarin kogi, ciwo ya kwantar da kai. Da labarin rasuwarka ya iso ni na yi kuka har muryata ta dishe. Bayan kukan kuma tsoro ya kama ni: wanda ya tsaya mini ya tafi, yanzu sai a cire ni, a sake ɗauka da wata.

Ranar sadakar uku ina fitowa daga wajen matarka Radiyya, sai na tarar da Bilya a zaure, idanunsa jajur. Ashe ta aika masa da laimar, ba ta haɗa da ko kalma ɗaya ba. Ya ce, "Juwairiyya, in an yi bakwai ki shirya, da sassafe za mu ƙetare. Ban iya riƙe ta kamarsa ba, amma zan koya." 

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarka Hajiya Uwa, da Radiyya, da 'ya'yanka Lukman da Hansai, da duk 'yan ayarinka. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya raya abin da ka bari. Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka kabarinka. Ka yi mini inuwa a duniya, Yaya. Allah Ya sa ka a inuwarSa ranar da babu wata inuwa sai taSa. Amin.