Gonar da Malam Ashafa Ya Ƙi Sayarwa

Duk wanda ya san Challawa kafin kamfanoni su cika ta ya san Malam Ashafa, ko don taurin kansa. Gajere ne, ga saurin fushi, amma in ya kama fartanya sai ka tausaya wa ciyawa. Gonarsa tana gangaren da ke kallon kogi, gadon ubansa ce, kuma har daga Kumbotso ake zuwa roƙon irin dawarta.

Da aka fara kafa masana'antu, wajen shekarar saba'in da bakwai, maƙwabta suka yi ta sayar da nasu. Wannan ya sayi babur, wancan ya tafi Makka. Malam ya ce shi kam a kai kasuwa. Gonar ta ɗansa Labaran ce, shi riƙo kawai yake yi.

Sai wakilin wani kamfanin jimar fatu ya biyo masa ta inda bai zata ba.

"Baba, ba saye muke so ba. Haya za ku ba mu, shekara goma, mu dawo muku da abinku."

Nan Malam ya ga ya fi kowa wayo. A saninsa, wanda aka ba aron gona shi ke kai mata taki, in ya tashi ya bar ta ta fi da kyau. Fulani ma ai roƙonsu ake su sauke shanu a gona bayan girbi. Da ya ji fatu za a sarrafa, sai ya ce wa matarsa Ladidi, "Abin da ya fito daga jikin dabba ba ya cutar ƙasa." Ya dangwala yatsa a gaban dagaci, ko tambaya ɗaya bai ƙara ba.

Aka kewaye gonar da kwano, aka haƙa ramuka, aka juyo musu ruwan jima. Ba irin ruwan bagaruwa na majeman gari ba ne, wani abu ne shuɗi-shuɗi mai kumfa. Wari ya hana Ladidi shanya tsaki a tsakar gida. Malam ya ce taki ma ai wari gare shi. Kuɗin haya suna zuwa kan kari, shi kuwa ba su ne a ransa ba, damina yake ƙirgawa.

Abin baƙin cikin shi ne babu wanda ya cuce shi. Shekara goma na cika suka cike ramuka, suka kwashe kwanonsu, suka yi godiya. Ƙasar ta fito fari-fari kamar an barbaɗa mata kanwa. Malam ya shuka dawa. Ta tsiro, ta kai tsawon ɗan yatsa, ta ƙone alhali ruwa na zuba. Ya sayar da tumakinsa ya zuba taki mangala bayan mangala. Damina ta biyu ya gwada gero, ta uku wake. Ko tururuwa ba ta bi ta wurin. Mutumin da ba a taɓa ganin hawayensa ba, Ladidi ta same shi a bayan rumbu yana kuka.

Da ƙarfinsa ya fara ƙarewa, ya aika aka kira Labaran, wanda a lokacin yake aiki a masaƙa a Sharada, yana da 'ya'ya uku. Ya kai shi gonar, ya zagaya da shi kusurwa huɗu yana dogara sanda.

"Ga amanarka. Ban sayar ba."

Labaran ya dubi ƙasar, ya ce:

"Allah ya saka muku da alheri, Baba. Amma ku yi haƙuri, ko yarana na hana su zuwa nan. Ranar da jikarku Atika ta yi wasa a wurin, sai da tafin ƙafarta ya saluɓe."

Malam Ashafa ya tsuguna da ƙyar, ya ɗebi ƙasar, ya shinshina, ya daɗe yana goge hannunsa a riga.

"Ka yi daidai," ya ce. "Kada ka bar su su zo."