Tes Ba Sallama

Har gobe ban manta da ranar da Baba Sabi'u ya dangwara min wayarsa a kan tebur ba. Lokacin ina ma'aikaciyar lafiya a wani ƙaramin asibiti a Kutama, can ƙasar Gwarzo. Shi kuwa dattijon manomi ne. Bugun zuciya ya kayar da shi ana tsakiyar damina, aka kwantar da shi a Kano, Allah ya tashi kafaɗunsa. Duk wanda aka sallamo da irin wannan ciwo mukan shigar da lambarsa a na'ura, ita kuma ta riƙa tura masa tes kowace safiya: sha magani, rage gishiri, yi tattaki.

Da ya zo awo na tarar jininsa ya hau, ƙafafu sun kumbura. Na san in ciwon ya sake bugawa, da wuya mu kai shi Kano da rai.

Na ce, "Baba, tes ɗin ba ya shigowa ne?"

"Yana shigowa mana! Wane marar kunya ne ke turo shi? Ba sallama, ba ina kwana, sai 'Sha magani'? Ni sa'ansa ne? To, na ƙi sha!"

Wallahi da ƙyar na danne dariya. Na kai maganar wurin shugabanmu, Malam Nasiru, ya ce gurbin rubutun kaɗan ne, gaisuwa za ta cinye shi. Na ce, "Ranka ya daɗe, mutumin fa ya ajiye magani." Sai ya ce in cire lambar daga na'ura in riƙa turawa da kaina.

Washegari na rubuta: "Salamu alaikum Baba. An tashi lafiya? Ya iyali, ya damina? 'Yarka Rabi ce ta asibiti. Don Allah a daure a sha magani."

Da hantsi sai ga Baba a bakin ƙofa da sandarsa. Na miƙe a tsorace. "Baba, lafiya?"

"Lafiya ƙalau, 'yar nan. Maganin na sha. Karatu na iya, latse-latsen nan ne ban iya ba. Kin gaishe ni, ai ba na zauna ban amsa ba."

Ashe tun daga unguwarsu ya tako! Tattakin da muka yi ta fama ya yi, ga shi ya yi don kansa. Na ba shi kujera, na ce ya riƙa tahowa a hankali, in ya gaji ya huta. Haka ya mayar da abin kullum. Kumburi ya saɓe, jini ya sauka, har ya ga girbin dawarsa. Daɗin da na ji, Allah kaɗai ya sani.

Shi ya sa nake gaya muku, ku da kuka shigo aikin nan yanzu: dattawanmu ba maganin suke ƙi ba. Ku fara gaishe su.