Gyaɗata a Ƙoƙon Kogi

Kakata Hajiya Adama ba ta ba da tatsuniya kai tsaye kamar sauran tsofaffi. A gidanmu na Kukuo, a Tamale, ita ke dafa wake da shinkafa na sayarwa, saboda haka da an idar da sallar isha'i murhunta na ci, tukunyar wake na tafasa. Mu yaran gidan, da 'ya'yan Dagombawa maƙwabta, sai mu jawo tabarmi mu kewaye ta. Kafin ta buɗe baki sai ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana danƙa wa kowa soyayyar gyaɗa, ta kuma ajiye ƙoƙo biyu a gabanta.

"Ga ta nan, ga ta nanku," in ji ta, "amma tawa gurguwa ce, sai kun ara mata ƙafa."

Da labari ya kai inda hanya ta rabu, sai ta yi shiru. Kowa ya jefa gyaɗarsa a ƙoƙon hanyar da yake so. Ƙoƙon da ya fi cika shi ake bi, kuma masu rinjaye su cinye gyaɗar duka, har da ta waɗanda suka faɗi.

Wadda muka fi so ita ce ta Ladi, yarinyar da akuyar uwarta ta tsinke. Ladi ta bi sawu har gindin wata tsamiya, inda hanya ɗaya ta nufi kasuwa, ɗaya ta gangara kogi. A kasuwa takan tarar da kura ta ɗaura zane, ta sha kwalli, tana cinikin akuyar. Ladi sai ta yi ta yabon haƙoranta har kura ta saki igiya don ta duba madubi. Kai, Kaka ta iya muryar kurar nan! Har manyan gidan sai ka ji suna dariya daga ɗaki.

To ni dai kogin nake son gani. Duk ranar da aka zo gindin tsamiya, gyaɗata ce kaɗai ke faɗawa ƙoƙon kogi, ka ji ƙararta kwal, don ba wata a ciki. Sanatu, 'yar kawuna, ita ce shugabar masu zaɓar kasuwa. Takan ɗauke gyaɗar tawa, ta tauna a gaban idona.

"Tanko, me ka ajiye a kogin nan? Ruwa ne fa kawai!"

Nakan koma wurin Kaka da ƙorafi. "Kaka, ko a kunne ki faɗa mini."

"A'a, maigida, ka ji ka da son banza," takan ce tana tura itace. "Ka nemo mutanenka tukuna. Hanyar da jama'a ba su bi ba, bakina ba ya bin ta."

Na nema. Na yi roƙo, na yi wa Fuseini maƙwabcinmu wankin keke. Ya yi mini alkawari, amma da aka zo jefawa sai hannunsa ya karkata wajen kura. Abin yana ci mini rai ƙwarai, kullum a cikin taro nake amma ni kaɗai.

Sai gida ya fara watsewa. Kawu ya sayi talabijin, ƙananan suka koma ɗakinsa. Sanatu ta bi lori zuwa Ankara, babban birnin ƙasarmu, neman aiki, Fuseini ya tafi Kumasi koyon gyaran mota. Wata rana na jawo tabarma na ga ba kowa, daga ni sai Kaka da tukunyarta. Duk da haka ta ba ni gyaɗa, ta ajiye ƙoƙo biyu, ta kai Ladi gindin tsamiya. Na jefa tawa a ƙoƙon kogi. Yau dai ba mai kayar da ni.

Kaka ta daɗe tana kallon ƙoƙon. Ta dubi inda sauran suke zama da.

"Maigida, in gaya maka gaskiya? Ban san abin da ke kogin nan ba. Ni ma da muke yara ba a taɓa kai ni ba, kura kowa ke so." Ta yi ɗan murmushi. "Ƙafata ta gaji. Kai ka je, in ka dawo ka ba ni labari."

Haushi na ji a lokacin, na tashi na shige ɗaki. Kafin in yi hankalin da zan ƙago mata kogin, Allah Ya karɓi abarsa.

Yanzu gyaran waya nake yi, ina zaune ni kaɗai a ɗakin haya a unguwar Nyohini. A wayata ne na gano akwai mutane a duniya masu irin tatsuniyar Kaka: wasan labari, rubutu zalla, ba hoto, mai karatu ne ke zaɓar inda za a bi. Kowace shekara suna gasa, kuma ba wasu alƙalai a sama, waɗanda suka buga wasannin su ke jefa ƙuri'a. Na ce ikon Allah, ashe ƙoƙon Kaka ya riga mu shiga intanet.

Na rubuta wasan Ladi da Hausa da Turanci. Hanyar kasuwa ba ta ba ni wahala ba, muryar Kaka na kwafa. Kogin ne ya kusa gagarata, damina ta zo ta wuce ina rubutawa ina gogewa. A ƙarshe ga abin da na sa: Ladi ta isa gaɓa, ba akuya, ba dodo. Wata tsohuwa ce kawai zaune gaban murhu, tabarmi shimfiɗe ba kowa a kai. Ta ɗago ta ce, "Ke kaɗai? Ina sauran?" Daga nan mai karatu zai zaɓa: ya juya, ko ya zauna.

Na shigar da wasan gasar. Na tura wa 'yan gidanmu a zauren da muke gaisawa ta waya. Sanatu ta aiko hoton babban yatsa, shi ke nan. Wasan yana nuna mini hanyar da aka bi, ba ya nuna sunan kowa. Ina tsakiyar kwance wayar wani sai in leƙa: kasuwa, kasuwa, kasuwa. Na ji kaina yaron nan na gefen tabarma, ga gemu amma ba abin da ya canja.

Da aka fitar da sakamako, sunan wasana yana can ƙasa. Wani ya rubuta cewa kurar ta ba shi dariya. Na yi godiya a raina, yabon na Kaka ne. Ba kyautar ce ta dame ni ba. Na ɗauka zan iya kawo mata mutane, sai ga shi na sake barin ta a gaɓa ba mai zuwa.

A da nakan ɗauka rowa ce ta hana Kaka ba ni labarin kogi. Yanzu na gane ita ma jira take yi, tun tana yarinya, wani ya raka ta.

Bayan an rufe gasa, har na daina dubawa, wata safiya ina shan koko na buɗe don in cire wasan daga intanet. Sai na ga wani ya gangara kogi. Ban san ko wane ne ba, ko daga wace ƙasa. Ina so in ce Sanatu ce, amma ban tambaye ta ba, ina tsoron amsar. Tsohuwar ta yi masa tambayarta, shi kuma ya zaɓi ya zauna.

Na ajiye kofin, na share ido da hannun riga. Na ce a fili, ni kaɗai a ɗakin, "Kaka, na dawo. Mu biyu ne."