Fim ɗin da na fassara wa Baba

Ranar wata Juma'a, a daminar shekarar da na cika goma, guguwa ta rufe birnin Guangzhou na ƙasar Sin. An kulle kasuwar Baima inda Baba yake ciniki, masu dako sun watse, ruwa na dukan tagar ɗakinmu na unguwar Sanyuanli. Umma tana asibiti da tsohon ciki, Baba kuwa ya kasa zama ya kasa tsayuwa. Tsohon Chen, maƙwabcinmu mai sayar da faifan fim, shi ya miƙo min wani faifai ya ce mu rage zafi da shi.

Harshen fim ɗin babu mai ji a cikinmu, amma akwai rubutun Sinanci a ƙasa, ni kuma ina aji huɗu a makarantar unguwa. Na zauna gaban talabijin ina karantawa ina mayar wa Baba da Hausa. Wani tela ne ya ɓoye 'ya'yansa mata a ƙarƙashin gidan niƙa lokacin yaƙi, sojoji na yawo a samansu. Ya koya musu dariyar da ba ta da sauti, in abu ya ba su dariya sai su ja kunnensu. Baba ya tambaye ni su wane ne, na ce Yahudawa ne. Ya ce, "Uba dai uba ne, Hafsatu. Ci gaba." A ƙarshe suka tsallake kogi suka tsira, ban da kakar yaran da ke tare da su. Na juya na ga Baba yana share ido da hularsa.

Washegari ya ƙona mana shinkafa, ya ajiye tukunyar da ƙasaita ya ce abincin sarakunan Sin ne. A asibiti ya tsaya gaban gadon Umma yana kwaikwayon cinikinsa, yana "laoban, meiyou!", wato "maigida, babu!", da hannu a ka, har ta riƙe ciki don dariya, nas ta zo ta kore mu. Sai da na girma Umma ta faɗa min cewa a safiyar nan likita ya gaya wa Baba ana iya rasa ita ko jaririn. Ba a rasa kowa ba. Ta dawo gida da ƙanena Sadiq a hannu.

Yanzu Baba yana Kano, ƙafa ta hana shi tafiya, ni ina nan Guangzhou ina karatun likita. Irin waɗannan finafinai duk suna cikin wayata, da fassarar harshen da na ga dama, sai dai ni kaɗai nake kallo. Ina kewar lokacin da sai ta bakina Baba yake jin labari.