Gaisuwar Goggo Nana a Tsaye

Goggo Nana ƙanwar mahaifina ce. Tun tana 'yar makaranta ƙashin bayanta ya fara karkacewa, kafaɗar dama ta ɗaga, ƙugu ya goce gefe. A gidanmu na Fagge ba a kiran abin da ciwo, cewa ake haka Allah ya yi ta. Da ta girma ta koyi ɗinki, ta kama shago a Sabon Gari tare da ƙawarta Philomena, wadda muke kira Maman Innocent. Duk rigar da za ta ɗinka wa kanta sai ta ƙara wa gefe ɗaya tsawo don kada a gane.

Bayan ta haura talatin, numfashi ya fara yi mata wuya in ta daɗe a kan keken ɗinki. Shekarar da soja suka miƙa mulki aka yi mata aiki, aka sa mata ƙarafa a baya. Likita ya ja mata kunne: ba sunkuyo, ba durƙuso, ba hawa acaɓa har sai ƙashi ya kama ƙarfen, in ba haka ba a sake yanka ta.

Ta dawo gida a miƙe, rigunanta duk sun koma a karkace. Salla a kan kujera ba wanda ya yi magana. Gaisuwa ce ta zama fitina.

Baba Goni wan mahaifinta ne, shi ne babban gida, kuma ba a taɓa gaishe shi a tsaye ba. Ranar da ya shigo dubiya, Goggo ta dafa ƙyaure ta ce, “Baba, ina wuni.” Ya dube ta daga sama har ƙasa, ya juya ya tambayi Inna, mahaifiyarta, ya mai jiki. Kafin la'asar magana ta zaga gida, wai zama da mutanen Sabon Gari ne ya fara nuna kansa.

“Ko ɗan rusunawa ne, Nana,” in ji Inna. “Ai ba karyewa za ki yi ba.”

“Inna, ƙarfe ne fa a jikina.”

“Shi ya ga ƙarfen? Tsayuwarki kawai ya gani.”

Haka aka yi ta yi mata har ta gaji. Da ya sake shigowa ran Juma'a sai ta kai gwiwa ƙasa. Ya amsa da fara'a, har da sa albarka. Ita kuwa tashi ya gagara. Mu uku muka ɗaga ta, tana cije leɓe, gumi na zuba. A asibiti aka ce ƙarfen bai goce ba, amma ɗinkin ya buɗe, kwanciya ta dawo sabuwa.

Maman Innocent ta zo da farfesu a kula, ta zauna bakin gado tana huci.

“Mu ma muna gaida manya, Nana, amma ba ma mutuwa a kai. Ki tashi, keke na jiranki, ni kaɗai na gaji.”

Goggo ta so yin dariya, ciwon bayan ya hana ta.

Da aka sallame ta, da kanta ta je zauren Baba Goni ta tsaya a ƙofa.

“Baba, na durƙusa maka sau ɗaya, ka ga inda ya kai ni. Daga yau a tsaye zan gaishe ka. Ka yi haƙuri.”

Har ya rasu, “lafiya” kawai yake ce mata, ba ya ɗago kai. Kullum da safe sai ta tsaya ta gaishe shi kafin ta wuce shago, ta fito tana tsaki ƙasa-ƙasa. Bayan nata dai ya warke. Rigunan ne ta zauna ta rage musu gefe, ɗaya bayan ɗaya.